Sunan da Ke Cikin Ƙwarya

Alhamis, 12 ga Agusta, 1965

Na gama bencin majami'a guda goma sha biyu, na shafe su da mai. Godiya ga Ubangiji da ya ba ni hannu. Ranar Lahadi ɗaliban jami'ar Zariya za su iso, su tara, duk masu bi, za su yi makon addu'a a nan Dutsin-Ma. A gidana za su sauka. To ina kuma? Wa ke da ɗaki huɗu na kwano a cikinmu in ba Jibo kafinta ba?

Yaron gidan nan ne ya jawo su, ɗan farina. Shekararsa biyu can yana karatun aikin gona. Na shirya jawabi shafi shida, rabi da Turanci. A makarantar Midil na tsaya, amma za su ji.

Jumma'a, 13 ga Agusta

Matata Zinariya ta ce yaron ya ce ba zai koma jami'a ba. Na ce don me? Ta ce in tambaye shi. Ni? Na ce ta gaya masa ya bar wasa. Ta ce, "Maigida, shekara ashirin da biyu ina kai saƙo tsakanin ɗaki da zaure. Ƙafata ta gaji."

Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zaman hira da shi ba. Haka tsohona ya yi da ni a Ɗantutture tun bishara ba ta zo mana ba. Kunyar ɗan fari ai ba ƙiyayya ba ce. Wa ya sayar da bijimi ya ɗinka masa kwat?

Lahadi, 15 ga Agusta

Sun iso cikin ruwa, sun cinye tuwon kwana biyu a zama ɗaya. Yaran kirki. Ɗaya ɗan Kagoro ya duba ƙofar zaurena ya ce ko a Zariya bai ga irinta ba. Ya san abu.

Ashe ba ni zan jagoranci makon ba. Baba Rabo suka ɗauko, tsohon mai bishara na Wurma, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Na mai da jawabina cikin akwati. Ba komai.

Tsarinsa ke nan: an rubuta sunan kowa, ɗalibai da mu 'yan majami'a, aka nannaɗe aka zuba a ƙwarya. Wanda ka ɗauko, kullum da safe ka yi masa addu'a a fili, da sunansa. Da la'asar ku taka tare, ka yi masa tambaya ɗaya tak: me zan roƙa maka? Sai ka yi shiru. Ba shawara, ba faɗa.

Zinariya ce ta zaga da ƙwaryar. Da ta iso wurina saura takarda ɗaya. Na buɗe. Ba sai na rubuta abin da na gani ba.

Litinin, 16 ga Agusta

Tun kafin sujada na tare Baba Rabo a bayan majami'a, na ce a musanya mini. Na ce, Baba, kai ma Bahaushe ne, ka san al'ada. Ya ce, "Na san ta hwa, Jibo. Ni ma na yi ta. Abin da hannunka ya ɗauko, shi aka ba ka."

Da aka zo kaina na miƙe na ce, ya Ubangiji, ka albarkaci wannan bawa naka da ka sani. Aka ce amin. Na ga kamar na tsira.

Bayan an tashi tsohon ya riƙe gefen rigata. "Allah ya san shi, ba ka ƙara mishi labari ba. Yaron ne bai san ko kai ka san shi ba."

Tsohon da ni na yi wa gadon da yake kwana a kai!

Da la'asar muka taka hanyar Karofi, ni gaba, yaron baya. Awa guda. Na ce gero ya yi kyau bana. Ya ce i, Baba. Muka dawo.

Talata, 17 ga Agusta

Ban je ba. Aiki.

Laraba, 18 ga Agusta

Gaskiya jiya aikin bai kai ya hana ni ba. Ƙyauren sito ne na Alhaji Sabitu mai hatsi, da zai iya jiran mako.

Yau na koma in ƙarasa. Alhaji abokin wasana ne tun muna neman na goro. Ya ce, "Malam Jibo, na ji gidanka ya zama jami'a, kai ne shugaba ko mai gadi?" Na ce mai dafa tuwo. Ban san yadda aka yi na ba shi labarin ƙwarya ba. Na zaci zai yi dariya ya ce ku masu majami'a har kunya za ku rushe.

Bai yi ba. Ya daɗe yana murza dawa a tafin hannu. Ya ce ka tuna babban ɗana da sanƙarau ya ɗauka? Na ce na tuna, ni na yi makarar. Ya ce, "Ranar da na fara kiran sunansa da bakina, an riga an naɗe shi a likkafani. Ni ban ce ka bar al'ada ba. Na dai gaya maka."

Na lanƙwasa ƙusa uku a jere. Ban taɓa yi ba.

Alhamis, 19 ga Agusta

Hanyar Karofi kuma. Wajen tsamiyar nan na tsaya, ina duban gonar wani, na yi tambayar. Murya kamar ba tawa ba.

Yaron ya tsaya a bayana. Sannan ya ce ya faɗi takarda ɗaya a jarrabawa. Sun ba shi dama ya sake rubutawa cikin Satumba, in ya sake faɗuwa shi ke nan. Ya ce, "Baba, ka gaya wa duk Dutsin-Ma har Kurfi ban taɓa faɗuwa ba. Gara a ce ni na bari da kaina da a ce an koro ni, ka rasa inda za ka sa fuska a kasuwa."

Maganganu sun cika mini baki. Kwat, bijimi, duka. Amma tsoho ya ce ba shawara, ba faɗa, kuma ni ba a taɓa cewa na karya sharaɗin aiki ba. Na haɗiye. Na ce to, na ji.

A hanyar dawowa kusan kafaɗa da kafaɗa muke. Hanyar ce ta yi ƙunci saboda ciyawa.

Jumma'a, 20 ga Agusta

Na je wurin Baba Rabo da kaina. Yana gyaran takalminsa na taya. Na ce me zan roƙa wa yaron, ya ci jarrabawa? Ya ce, "Shi ya roƙa?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi yake tsoro, takarda ko kai?" Sai ya ci gaba da takalminsa. Ya ƙara da cewa katako ba ya karɓar fenti sai an kankare shi, ni na fi shi sani.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Zinariya. Kullum cewa nake ciwon tsohona ya fid da ni daga Midil. Ya yi ciwo, gaskiya ne. Amma sai bayan na faɗi jarrabawar aji huɗu, na dawo gida a ƙafa, na ɓoye kwana biyu a rumbu.

Da la'asar na gaya wa yaron. Ban dube shi ba. Wannan ba shawara ba ce, labari ne, don haka ban karya sharaɗi ba.

Ya ce, "A rumbu, Baba?" Na ce a rumbu. Yana ta ƙoƙarin danne dariya har ta ƙwace masa. Mara kunya. Ni ma dai.

Asabar, 21 ga Agusta

Safiyar ƙarshe. Na miƙe, na kama bayan bencin da ni na yi, na faɗi sunansa. Ƙasa-ƙasa, amma na faɗa. Na roƙa masa a cire masa tsorona. Ɗaliban suka ce amin yadda suka saba, ba su san an yi komai ba. Zinariya ce ta ja gyale ta rufe fuska. Baba Rabo ya ɗaga waƙa tun ban zauna ba, ya rufa mini asiri. Allah ya saka masa.

Rufin majami'a bai faɗo ba.

Lahadi, 22 ga Agusta

Baƙi sun tafi. Ɗan Kagoro ya ce a ba su jawabina su karanta a taronsu na Zariya. Na ce ba a gama shi ba.

Na tambayi Zinariya yadda aka yi takarda ɗaya ta rage, kuma ta zama waccan. Ta ce, "Ni da ban iya karatu ba?" Ita ce fa ta nannaɗe su, kuma ta san rubutun ɗanta ko daga nesa. Na bar maganar. Na gode wa Ubangiji da ya ba ni mace mai taurin kai.

Litinin, 13 ga Satumba

Na kai wa Baba Rabo kujera mai jingina. Ragowar katako ne.

Bilya ya hau motar Funtuwa da safe, jibi zai rubuta takardar. Mako uku yana karatu a shagona, na ware masa teburi can nesa da ƙurar zarto. Na ce masa ya ci ko bai ci ba, ya rubuto mini, ni, ba ta hannun uwarsa ba.

Zinariya ta ce har sau biyu na kira shi a tasha, gaban mutane, gaban Alhaji Sabitu. Ni sau ɗaya na tuna. Kuma ƙarar mota ce, dole a ɗaga murya.