Tsumman da ke murfin man birki

Asabar, 4 ga Mayu

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tunda ka buɗe, amsa mini: laifi ne mutum ya wanke injin motar ubansa?

Ba haka kawai na afka masa ba. Sai da na karanta yadda ake yi. Na bari inji ya huce sarai, na cire kan batir, na naɗe altaneta da akwatin fis da bakin iska da leda. Ban taɓa tiyo ba, ruwan bokiti ne da sabulu da tsohon burushi. Na kwance duk tarkacen da ke ciki: wani baƙin tsumma a murfin man birki, waya a murɗe a murfin baƙin mai, salatif a na ruwa. Na goge, na cire ledojin, na tayar. Tashi ɗaya.

Na zaci Baba zai ce sannu. Shi ya ce in na nuna hankali zai bar mini makulli in riƙa kai 'ya'yan Yaya makaranta. Ya leƙa, ya shafa murafan da hannu, ya ce, “Wa ya sa ka?” Ya zare makullin daga hannuna ya shige.

Wa ya sa ni!

Lahadi, 5 ga Mayu

Yaya ya zo cin abinci. Baki cike yake cewa, “Shehin malami, an ce ka yi wa mota wankan amarya?” Matarsa har da ƙwarewa don dariya. Mutumin da bai san inda ake zuba ruwan gilashi ba. Na ce masa wanka dai ba cuta ba ne, ya gwada ya gani. Mama ta ce in rufe mata baki, yayana ne.

Litinin, 6 ga Mayu

Makulli na aljihun Baba. Ban gaishe shi ba sai da Mama ta harare ni.

Talata, 7 ga Mayu

Shekara da shekaru Baba yana tuƙi, kullum da safe sai ya duba mai da ruwa da kansa, ba ya yarda kowa ya taya shi. Yau ina kallonsa ta taga. Ya ɗaga bonet, galan ɗin ruwa a hannu, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Yana ta laluben murafan, ya taɓa wannan ya koma wancan. Can sai na ga ya buɗe na man birki ya karkato galan.

Ban san sanda na fita ba, ko takalmi babu. Na riƙe galan ɗin. “Baba, birki ne!”

Bai dube ni ba. Ya ce rana ce ta haske masa ido. Wace rana? Motar a inuwar katanga take.

Ya rufe, ya ɗebi yaran, ya ja suka tafi. Ni kuma na tsaya a ƙofar gida kamar gunki.

Laraba, 8 ga Mayu

Na tsare Mama a kicin. Da farko ta ce ba ruwana. Da na ƙi fita, sai ta ce a hankali, idon Baba ya daɗe da yin hazo. Tsumman nan da wayar da salatif, shi ya ɗaura su don hannunsa ya riƙa gane murafan. Yaya ya sani, shi ne ma ya kai shi wurin likita. Suka haɗa baki kada a gaya mini, wai bakina ba shi da linzami.

To, bakina ne matsalar gidan nan. Ba mutumin da ba ya bambance murfi da murfi yana tuƙa yara ƙanana a titi ba.

“In aka karɓe motar nan, me ya rage masa?” in ji Mama. Ta juya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na riga Baba fita. Na duba mai da ruwa, na zauna a kujerar gefen direba. Ya shigo ya tarar da ni. “Ina za ka?” Na ce iska zan sha. Bai kore ni ba. A hanya ina ta surutu kamar da kaina nake: ga mai keke can, ga rami, danja ta ba da ja. Duk inda na faɗa sai ya taka birki. Na kalli hannunsa a kan sitiyari. Ban taɓa lura ya rame haka ba.

Haushinsa nake ji har yanzu. Ina jin dai haka ne.

Makullin kuwa, ni ba zan roƙa ba, ba kuma zan fizge daga hannunsa ba. Wannan aikin babban ɗa ne. Gobe kowa zai hallara cin abinci. Yaya, a gaban Mama da matarka zan tambaye ka, kuma ba za ka tashi ba sai ka amsa da ƙarfi kowa ya ji: 'ya'yanka ne a bayan motar nan, yaushe za ka gaya wa Baba ya daina tuƙi?