Kajin Sada Ba Su da Ƙundu

Kusada, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Habibullahi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan alhamdu lillahi, Inno ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita tsakar gida shan hantsi.

Yaya, maganar Sada ɗan Kawu Arzika ce ta sa na ɗauki biro, don na ji ya riga ni kiranka. Wata uku da suka wuce ya same ni har gida, ya ce in kiwata mashi kaji ɗari biyu na bikin ɗiyarshi Shamsiyya, duka zai kwashe. Na ce ɗan uwa rabin jiki, na sayar da awakina na sayo 'yan tsaki da abincinsu. Ka san kajin gidan gona, in suka cika sati bakwai ba a fitar da su ba, ci kawai suke kana asara. Lokaci na yi sai ya fara min hanya-hanya, wai kajina sun yi tsada. Ashe bawan Allah ya cika shagonshi na Kankia da kajin kwali, daskararrun nan na ƙasashen waje da ake shigo da su ta ɓarauniyar hanya. Zafi ya kashe min arba'in ina kallo. Sauran, ban da 'yan kaɗan da na rage a gida, na kai kasuwa na karyar, domin masu gashi ma yanzu na kwalin suke saye.

Abin da ya fi ƙona min rai, sai ya baza a dangi wai kajina ni Haulatu za a ci a walima, saboda ya san Baffa Malam Abdulmannan ba ya cin naman da bai san wanda ya yanka ba. Ya mance ƙundu na babba ne, kajin kwali kuwa fayau suke zuwa, ba kai ba kayan ciki. Ana gobe walima matarshi Tani ta zo tana sunkuyar da kai, wai in yanka musu ko guda biyar don a samu ƙundun da za a sa wa Malam. Na ce ta gaida gida.

Ranar walima, da Malam ya buɗe kwano ya juya bai ga ƙundu ba, sai ya sa aka kira ni bakin zaure, ya tambaye ni. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, kajina da ƙundunsu Allah ya halicce su. Waɗannan dai a tambayi Sada wa ya yanka." Malam ya wanke hannu ya tashi, malamai suka bi bayanshi, surukai 'yan Mawashi na kallo. Wallahi Yaya na ji sanyi a raina. Shamsiyya kaɗai ta ba ni tausayi, don ta sha kuka.

Inno na ta cewa in yafe hakanan. Ban yafe ba, rama cuta ga macuci ibada ne. Na san abin da ya kira ka a kai: filinmu na gado na Kankia da ke kallon shagonshi yake so, ya gina ɗakin sanyi ya ƙara tara kwalayen. Don darajar Baba kada ka amsa mashi. Ni zan kafa akurki a wurin, in riƙa yankawa a gaban mai saye, shi kuma yana zaune yana kallon mutane na tsallako titi. In ka ba shi filin nan, to ka zaɓa ke nan tsakanina da shi.

Ka gaida Ruqayya da su Kamalu da Hawwa'u. Inno da Rabi na gaishe ku. Kawu Arzika kuwa tun ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Taka ƙanwa,
Haulatu.