Robar Magani a Akwatin Ƙusoshi

Zuwa ga mijina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata,

Na ɗauki biro ne don bakina ya gaji. Duk sanda na yi maka magana, sai ka juya wa bango fuska ka ce, "Ba komai, gajiya ce." Wace irin gajiya ce ke hana kafinta taɓa zarto wata uku?

Jiya na je share maka shago. A cikin akwatin ƙusoshi na tarar da robar maganinka har biyu, ko murfinsu ba ka fasa ba. Wayyo ni! A kan garin katako na durƙushe. Sai a lokacin na gane abin da ya sa gwajin jininka na makon jiya ya nuna ƙwayar cutar HIV ta sake ɗagowa, bayan ta kwanta har ba a ganinta.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa a bencin asibiti? Ranar aka gaya mini ina ɗauke da HIV, jikina sai rawa yake. Ka miƙo mini ruwa, ka ce, "Baiwar Allah, ki tausaya wa bencin nan, in ya karye ni za a sa gyara." Na yi dariya hawaye na zuba. Kai ka koya mini haɗiye ƙwayar maganin nan kullum ƙarfe bakwai na safe. Shekara shida ke nan, ga 'yarmu lafiya lau, tana yawo da gudumarka tana neman abin bugawa. Yau kai ne za ka saki hannuna?

Na sani, tun rasuwar yayanka duniya ta yi maka duhu. Na san yadda ƙirjinka ke bugawa idan mun doshi ƙofar asibiti, kana ganin kowa kai yake kallo. Ba lalaci ba ne, masoyina, ba kuma raunin imani ba. Nas ɗinmu ta ce ciwon damuwa ne, shi ke sa mutum ya ajiye maganin da ke riƙe da ransa, kuma shi ma ana maganinsa. Ta samo mana likitan da zai zauna ya saurare ka ranar Talata.

Za mu je. In ƙafarka ta ƙi shiga, mu tsaya a bakin ƙofa har numfashinka ya daidaita. In ka juya gida, Laraba mu dawo. Gobe da safe kuwa zan zo da kofi biyu, in sha nawa maganin a gabanka, in zauna. Ka yi fushi in ka ga dama, ka kira ni mai naci! Ba inda za ni. Na riga na yi wa Allah alkawarin sai na ga furfurarka, in yi maka tsiya a kanta.

Taka ce ni, a cikin ciwo da lafiya, har numfashina na ƙarshe,

Matarka