Kyamara Ta Ce Mama Ɓarauniya Ce

Yaya Talatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jikinki, ya Legas, ya maigida da yara? Muna lafiya, sai dai ɓacin rai.

Ran Asabar Mama ta shiga sabon kantin hanyar Kagoro sayen sabulu. Kyamarar ƙofa ta ɗauki fuskarta, wai ta yi kama da wata ɓarauniya. Maigadi ya zazzage jakarta gaban 'yan zumuntar mata!

Da na je, manaja ya ce, "Kuskuren na'ura ne, madam."

Na ce, "Wa ya ba ku izini? Ku goge hotonta!"

Wai hoton yana Abuja, ba ya hannunsa.

Jiya Mama ko coci ta ƙi zuwa. Ki kira ta, ki sa ta a addu'a. Ki gaishe da su Bulus.

Ƙanwarki,
Rifkatu