Wahalar da Aka Ce ta Landan Ce

Birnin Ƙonni, daren Laraba

Gafarta mini, littafina, na sake damunka. Shekara uku ke nan ina koya wa direbobin tasha zaurancen samarin Ingila daga wata ƙasida da Idi mai tebur ya sayar mini. Yau na karanta musu cewa Turawan Landan ne suka ƙirƙiro kalmar "wahala". Bugaggiyar ƙasida ce, shi ya sa na yarda. Direba Sani ya ce, "Malam, ashe kakata ta Badaguishiri Baturiya ce!" Har masu shayi sun yi dariya.

Yanzu na duba bangon ƙasidar, babu sunan marubuci. Gobe zan miƙa wa Idi takarda, ya amsa a rubuce:

1. Wa ya rubuta ta?
2. In kai ne, shafi nawa ne gaskiya?