Zana Biyu a Kan Motar Harisu

Rugar Jimrau, arewa da Tagriss
Talata

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Harisu da aikin asibiti. Mun iso rugar kawunki Jimrau lafiya cikin motar nan mai ɗaki da Harisu ya ba mu aro. Mata sun yi layi suna leƙen gado, wata tsohuwa har ta tambaya ko da rijiya a ciki.

Na rubuta ne na ɗauki hoton takardar, don in na yi magana a waya Innarki za ta ji. Firigon motar ya mutu, kuma allurarta ta ciwon suga, ta wata guda, tana ciki. Tun jiya ya bar gurnani, fitilarsa ta koma ja, famfon ma sai tari yake ba ruwa. Nan ba kuran, wato lantarki, ba makanike, ruwan sama kuma ya ɓata hanyar Dakoro.

Ni dai ban taɓa komai ba. Kin san ubanki, aji uku na yi a makarantar lakwal, na ukun ma ta taga na yi shi. Kulawa kuwa na yi wa motar nan. Da na ga rana tana dukan ta, na hau na shimfiɗa mata zana biyu a bisa, na danne da duwatsu. Ko mai ita bai taɓa gatanta ta haka ba.

Me zan yi? Wayar ma ta kusa bin firigo. Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
Ɗan'azumi

Maradi
Talata

Baba,

Ina gaishe ku da Inna da Kawu. Don Allah ka cire zanar nan yanzu. Baƙin gilashin da ke bisa motar shi ne fano, rana yake sha ya cika batir, batir ɗin ya tada firigo da famfo. Harisu ya ce ya yi maka bayani, kana can kana gwada laushin katifa. Ka goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma, kada kuma ka kai motar inuwa.

Ka gaya wa Inna, Baba, jikinta ne. Ku duba kwalaben allurar. In sun yi zafi ko ruwan ya canza, kada ta yi amfani da su, ku kamo hanya ko da amalanke ne. Hankalina ba zai kwanta ba sai na ji daga gare ka.

Allah ya ƙara girma.

Ɗiyarka,
Naja'atu

Rugar Jimrau
Laraba

Naja'atu,

Ina gaishe ki. Ki kwantar da hankali, ki ci abinci. Na cire zana, kafin la'asar firigo ya kama gurnaninsa. Na buɗe in duba kwalaben, sai na tarar wayam. Na tafi wajen Innarki da hula a hannu na faɗi gaskiya.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce: "Malam, shekara arba'in ina jin abin da kake ɓoyewa, shirun firigo ne zai wuce ni?" Ashe tun ranar ta ƙulle allurar a leda, ta sa a kwanon sha, ta zura cikin tulun matar Jimrau da ke binne a jiƙaƙƙen rairayi. Na taɓa, sanyi ƙalau, ruwan garau. Ta yi allurar yau da safe, ta kuma yi mini faɗan da ke nuna lafiya ta samu.

Allurar ta koma firigo, amma ta ce tulu ba zai gusa daga nan ba muddin ina kusa da motar. Zanar kuwa na kafa wa kaina rumfa da ita. Innarki ta ce daidai ne, ni ne kayan da ko an rufe ba a rasa komai.

Ki gaida surukina, ki ce masa katifar dai ba ta da laifi. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Ɗan'azumi