Kunnena na Hagu

Talata, 9 ga Yuli, 2024

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: shekara biyu ke nan ba na ji da kunnen hagu. An san yana ruwa, amma ba a san ba ya ji ba. In an yi min magana ta wannan ɓangaren sai in sunkuyar da kai in ce to. A garinmu Kademi cewa ake Afra'u akwai kunya. Na bar su a haka.

Alhamis, 18 ga Yuli

Baba ya kai ni kemis ɗin Ɗanladi, karo na huɗu. Ɗanladi ya ce ya jiki, na ce da sauƙi. Me zan ce wa babba? Ya ba da maganin ɗigawa irin na da.

Inna tana ganin audugar da nake cirewa, tana jin warin. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban Baba a kaina. Ta dai wanke min matashi.

Asabar, 3 ga Agusta

Gwaggo Hanne, yayar Baba, ta zo daga Ajingi. Wai sau uku ta kira ni daga baya ina tsince wake. Ta zagayo ta kama haɓata ta leƙa kunnen.

Ta ce wa Baba, "Barau, da akuyarka ce ke wannan wari da tuni ka kira malamin dabbobi."

Ya ce ai kullum da sauƙi nake cewa.

"Gawa ma in za ta amsa, da sauƙi za ta ce maka."

Na ci gaba da waken.

Litinin, 19 ga Agusta

Asibitin Gaya suka tura mu Kano. Likitar mace ce. Duk tambayar da ta yi Baba ke amsawa, har ta ce, "Malam, kunnen naka ne?" Ta sa min abin ji a kai, in ɗaga hannu in na ji ƙara. Ta dama na ɗaga. Ta hagu na zauna kawai ina kallon bango.

Ta ce dodon kunnen ya huje tun tuni, sai an yi aiki an liƙe. A mota Baba bai ce komai ba. Ko ya ce, ta hagu yake zaune.

Laraba, 18 ga Satumba

An yi aikin jiya. Kaina naɗe da bandeji. Amai sau biyu. Ba na jin tsoro, ba na jin daɗi.

Juma'a, 20 ga Satumba

Sallama. Kada ruwa ya shiga, ban da fyace majina, ban da ɗaukar tulu. In na ga ruwa ko wari in dawo da wuri, tun facin bai lalace ba. Ni likitar ta kalla da ta faɗi wannan.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Mata sai zuwa dubiya suke. Inna ke wanke min kai da tsumma, a hankali, ba ta kallon fuskata.

Yau na ji tabarya daga gidan maƙwabtanmu su Gaji ta hagu. Can nesa, kamar a cikin rijiya. Na tsaya har aka gama dakan.

Talata, 15 ga Oktoba

Jibi ne ranar komawa asibiti. Baba ya ce an shiga cirar gyaɗa, kuma ga yarinya ta warke, a bari sai bayan kaka. Murna yake, har a masallaci ya faɗa.

Da safe na ga ɗigon rawaya a audugar. Kaɗan ne. Na shinshina.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yau ma akwai, ya ɗan fi na jiya.

Ban jefa a murhu ba. Na ƙulle a leda, na haɗa da katin asibiti, na ɗora a kan faifan da ke rufe tuwon Baba. Inna ta gani. Ta ɗauki kwanon da kanta ta kai masa, ba ta cire komai ba.

Na wanke hijabina, na shanya inda zai bushe kafin asuba.